Edita, ba duk abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ne ke sa ciwon kai ba

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari.

Don Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana cina a rai, wato wannan yayi da aka shiga na cewa duk wanda kai ya matsa masa da ciwo to sai ya je an yi masa hoton ƙwaƙwalwa wai don hankali ya kwanta. Ni aikina kenan ɗaukar hoton, mu ne muke kwantar da mutum a gadon injin mu tura shi ciki, don haka kar wani ya ce kushe na'urar nake, da ita nake rufa wa kaina asiri. Amma maganar gaskiya sau da yawa hankalin da aka zo kwantarwa shi ake tayarwa, kuma ba don an gano abin da ke sa ciwon kan ba, a'a, don an ci karo da wani abu can daban wanda ba shi aka je nema ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutum na fama da ciwon ɓarin kai tun yana saurayi, irin mai zuwa ya tafi ɗin nan, haske ya dame shi, ƙara ta dame shi, zuciya na tashi, ya shiga ɗaki mai duhu ya yi barci ya tashi garau. Likita ya duba shi tsaf, ya haska idonsa, ya gwada ƙarfin hannu da ƙafa da tafiyarsa, ya ce malam ba ka buƙatar hoto. Sai ya ƙi yarda, ko kuma 'yan uwa su sa shi gaba da "kai dai je a duba, ka san wane ma da haka ya fara", ƙarshe dai a yi MRI, wato hoton ƙwaƙwalwa da injin maganaɗisu ke ɗauka. Rizal ya fito da yaren likitoci, a ciki an rubuta an ga wata 'yar jakar ruwa milimita kaza, ko wasu ɗigo-ɗigon fari. Tun a bakin ƙofa zai tsare mu da "ya ka gani?" mu kuma ba mu da hurumin faɗa, aikin likita ne. Shikenan sai ya zaro waya ya kwafi kalmar ya zuba a Google, kafin gari ya waye ya gama yanke wa kansa hukunci har ya fara tunanin wasiyya, ciwon kan kuwa yana nan inda yake ko gezau.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne idan ka kwaso lafiyayyun mutane waɗanda ba su kawo kukan komai ba ka sa su a injin nan, wallahi sai ka samu abubuwa. An gwada ai. A birnin Rotterdam na ƙasar Holan an yi wa mutum 2,000 MRI, mutanen gari ne kawai da suka shiga bincike, matsakaicin shekarunsu 63, aka fitar da sakamakon a 2007. Kashi 7.2 cikin ɗari an ga tabon toshewar ƙaramar jijiyar jini da ta faru ba su ma sani ba, kashi 1.8 suna da kumburin jijiyar jini, kashi 1.6 suna da ƙari wanda ba na daji ba. Duk suna yawonsu suna harkokinsu. A 2009 kuma mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ ta fitar da wani aiki da ya tattara bincike 16, mutum 19,559, aka samu cewa a duk mutum 37 da aka ɗauka, ɗaya za a ga wani abu da ba a zata ba, kuma fa ba a ma saka ɗigon farin nan da tabon jijiya a lissafin ba. Wani abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki, inda aka yi amfani da hoto mai kaifi sosai an samu kashi 4.3, inda aka yi da na yau da kullum kashi 1.7. Kaga kenan ba cuta ce ta ƙaru ba, idon injin ne ya ƙara kaifi, kuma kullum ƙara kaifi yake.

Toh sai wani ya ce ai waɗancan ba su da ciwon kai, ni kuwa ina da shi, don haka nawa daban. Wannan ma an duba. A ƙasar Norwe an yi wa mutum wajen 1,000 masu shekara 50 zuwa 66 hoto, aka ware masu ciwon kai da marasa shi, sakamakon ya fito a 2016. Manyan abubuwa irin su ƙari da kumburin jijiya kusan kai ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Ɗan bambancin da aka gani na ɗigon farin nan ne, da aka cire shi daga lissafi bambancin sai ya ɓace.

Kuma in mutum ya san yadda kai yake ba zai yi mamaki ba. Ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi, shi yasa ake iya yi wa mutum aiki a cikinta idonsa biyu yana hira da likita. Zafin daga tantanin da ya lulluɓe ta yake fitowa, da jijiyoyin jini, da babbar jijiyar da ke ɗaukar saƙon ji daga fuska da kai, da naman wuya. Ciwon ɓarin kai matsala ce ta yadda jijiyoyi ke aiki, ba ta siffarsu ba, hoto kuwa siffa yake nunawa. Ko a tsakiyar ciwon ka sa mutum a MRI na yau da kullum ba za ka ga ciwon ba. Da baki ake gano shi, tambaya da amsa, yaushe yake zuwa, awa nawa yake yi, me ke tayar da shi, akwai mai irinsa a gida. Likitan da ya zauna ya yi maka waɗannan tambayoyin ya yi maka aiki, ba wai ya raina ka ba ne da bai tura ka hoto ba. Lissafin da likitocin Amurka suka fitar tun 2000 ya nuna mai ciwon ɓarin kai da aka duba jijiyoyinsa aka samu lafiya, yiwuwar a ga wani abu mai muhimmanci a hotonsa wajen 2 ne cikin 1,000. A Birtaniya ma wani bincike na 2007 ya nuna wanda ya je wa likita da ciwon kai, yiwuwar ƙari ne a ƙwaƙwalwa kusan 1 ne cikin 1,000.

Bari in ɗan tsaya kan ɗigon farin nan don shi ya fi firgita mutane. Ƙananan wurare ne da ke fitowa da haske a hoto, suna ƙaruwa da shekaru, da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, kuma gaskiya ne an fi ganinsu a masu ciwon ɓarin kai musamman mata. Ni ina kwatanta shi da furfura, in dattijo ya je wa likita da ciwon haƙori likita ya ga furfura a kansa ai ba zai ce ga abin da ke sa haƙorin ciwo ba. A Holan ɗin dai an bi masu ciwon ɓarin kai wajen shekara 9 ana maimaita musu hoto da gwajin tunani, sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna ɗigon ya rage musu kaifin tunani ba. Amma saboda mai rubuta rahoto dole ya jero duk abin da zai iya yiwuwa don kare kansa, sai ya ambaci wata babbar cutar jijiya a ƙarshen layi, yarinya 'yar shekara 25 ta karanta ta shiga tashin hankalin da sai an yi wata da watanni ana lallashi. In ɗigon yana da yawa a babba to saƙon da yake ɗauke da shi guda ne, a kula da hawan jini da suga a bar taba, ba wai a buɗe kai ba.

Jakar ruwa kuwa, yawanci da ita aka haifi mutum kuma da ita zai koma ga Mahaliccinsa ba tare da ta taɓa yi masa komai ba. Haka 'yar halittar nan da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki, fituwitari, kusan mutum 1 cikin 10 in an yi masa hoto mai kyau za a ga ɗan ƙullutu a cikinta, galibi gwajin jini ake yi a ga ko tana aiki daidai a rabu da ita. Meninjiyoma, ƙarin da ke fitowa daga tantanin ƙwaƙwalwa, mafi yawansa ba daji ba ne, yana girma a hankali ƙwarai wani ma ya tsaya cak, shi yasa ƙananan ake sa musu ido kawai. Amma je ka faɗa wa mutum yana da ƙari a kai kuma ka ce masa ya je ya dawo baɗi, ka ga ko zai yi barci.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne kumburin jijiyar jini, aniyurizim. Wajen mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, akasarinsu ba zai taɓa fashewa ba. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka buga a 2003 ya nuna ƙanana waɗanda ba su kai milimita 7 ba, a jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, ga mutumin da bai taɓa zubar jini a kai ba, haɗarin fashewarsu kaɗan ne ƙwarai. Toshe shi kuma ko ta buɗe kai ko ta zura siririyar waya ta jijiyar cinya ba wasa ba ne, shi ma yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko ma rasa rai. Toh ga mutum an sa shi tsaka mai wuya, a bari yana kwana da tunanin abu zai fashe, a taɓa kuma garin neman gira a rasa ido. Ba ina cewa kar a taɓa ko wanne ba, akwai manya da waɗanda suke wuri mai haɗari da dole a yi musu aiki, kuma akwai mutanen da wannan gani na katsam ya zama sanadin tsirarsu, wannan ba a musu. Abin da nake cewa shi ne mai ciwon ɓarin kai da aka toshe masa ƙaramin kumburi sau da yawa zai tashi daga gadon aiki da ciwon kansa, don tun farko ba shi ne ke kawo shi ba.

Akwai kuma na kogon hanci, wannan har dariya yake ba ni wani lokacin. Hoton kai dole ya kama kogunan da ke bayan hanci da goshi, kuma kaurin tantani ko 'yar majina a ciki abu ne da ake gani kullum ko a wanda mura kawai ta taɓa shi kwanan baya. Da an rubuta sai a ce alhamdulillahi an gano, sainus ne, a hau shan maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye. A Amurka an tara mutum kusan 3,000 da suke cewa ciwon kansu na sainus ne, da aka bincika a 2004 kashi 88 cikin ɗari ciwon ɓarin kai ne ko danginsa.

Nan ne ainihin asarar take Edita, an bar jaki ana dukan taiki. Duk hankali ya koma kan abin da aka gani, a dawo hoto bayan wata shida, a dawo bayan shekara, wannan karon da allurar ruwan da ke ƙara haska hoto, kuɗi na ta zuba, ba wanda ya sake tambayar mutumin nan yaya barcinka, kana tsallake cin abinci, kwana nawa a wata kake shan maganin ciwon kai. Wannan tambaya ta ƙarshe ita kaɗai ta isa ta warware matsalar mutane da yawa, don wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗin kodin ko sinadarin kafeyin na kofi kwana 10 ko fiye, har abin ya wuce wata uku, maganin da kansa ke mayar da ciwon na kullum. Ba injin da zai nuna maka wannan. Ga magungunan rigakafin ciwon ɓarin kai nan sun daɗe a duniya, irin su furofuranolol da amitiriftilin, amma mutum zai yi hoto sau uku ba a taɓa yi masa tayinsu ba.

Shi kansa kwanciyar hankalin ma an auna shi. A Landan an ɗauki mutum 150 masu ciwon kai na kusan kullum, aka raba su biyu ta ƙuri'a, kashi ɗaya aka yi musu tayin MRI ɗaya ba a yi ba, aka buga a 2005. Bayan wata uku waɗanda aka yi wa hoto damuwarsu ta ragu, bayan shekara ɗaya kuwa an koma gidan jiya, ba bambanci. Shi yasa hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a 2012 kar a tura wanda aka riga aka gane irin ciwon kansa hoto don kawai a kwantar masa da hankali, a shekarar kuma ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta faɗi irin haka, su da hoton ne sana'arsu fa. Duk da haka a Amurkan, daga 1995 zuwa 2010 yawan zuwa asibiti kan ciwon kai da ke ƙarewa da hoto ya tashi daga wajen kashi 5 zuwa kusan kashi 15, a lokacin ana kashe kusan dala biliyan 1 a shekara. Laifin ba na marasa lafiya kaɗai ba ne, rubuta takardar hoto minti ɗaya ne, zama a yi bayani kuwa sai an ba da minti ashirin, ga layi a waje, ga tsoron kar a ce likita ya yi sakaci, ga kuma wuraren da injin ɗin jari ne dole ya mayar da kuɗinsa.

Sannan mutane na haɗa CT da MRI kamar abu ɗaya ne. MRI maganaɗisu ne ba ya da tururin eksire, CT kuwa eksire ne mai yawa, hoton kai guda ɗaya ya kusa kai abin da jiki ke sha daga ƙasa da iska a shekara guda. Ga babba sau ɗaya ba wani abin tayar da hankali ba ne, amma a riƙa maimaita wa yaro ƙarami ba dalili wannan kam ba daidai ba ne.

Yanzu kar wani ya karanta wannan ya zauna a gida da abin da zai kashe shi, don akwai ciwon kan da ba a jira da shi ko na awa ɗaya. Wanda ya faɗo wa mutum lokaci guda kamar an buga masa abu a ƙeya, cikin minti ɗaya ya kai ƙarshen zafi, irin wanda bai taɓa ji ba, wannan asibiti ne yanzu-yanzu, kuma a nan CT yake nuna bajintarsa, in an yi shi cikin awa 6 na farko da wuya zubar jini ta ɓuya masa. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, gani ya koma biyu-biyu, ko jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda ba ya yi, ko mutum ya rikice halinsa ya canza. Haka sabon ciwon kai ga wanda ya haura 50, ko mai ciwon daji, ko mai HIV, ko mai ciki da mai jego, ko bayan an bugu a kai musamman tsoho mai shan maganin tsinka jini. Da wanda kullum gaba yake sati bayan sati, yana tashin mutum da amai da asuba, in ya yi tari ko nishi ya ƙaru. Ko tsohon mai ciwon ɓarin kai ne in salon ciwon ya canza gaba ɗaya ya koma wa likita. Waɗannan in likita ya ce hoto to a yi hoto, kar a tsaya lissafi, don a nan an san abin da ake nema.

Ga wanda kuma ba ya cikin waɗannan kuma aka ce ya yi, ba rashin kunya ba ne ya ce likita me muke nema, in an gani me zai canza a maganina, in kuma an ga wani abu daban ya za mu yi. Wanda rizal ya riga ya fito da wata kalma mai ban tsoro ya koma wurin likitan da ya tura shi da takardar da kuma faifan hoton, ya tambaya kai tsaye shin wannan ne ke sa min ciwon kai ko dai gani kawai aka yi, mutum nawa ne ke da irinsa, za a sake dubawa ne ko an gama. Abokan aikina likitoci su ma don Allah, kafin a tura mutum a gaya masa cewa ana iya ganin abin da ba ruwansa da ciwonsa, jimla biyu ce, amma wanda aka gaya wa tun kafin ya shiga ba ya ruɗewa kamar wanda ya tsinci kalmar shi kaɗai a takarda.

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Labarin "ta ɗauka ciwon kai ne ashe ƙari ne" yana jan masu karatu na sani, kuma duk ranar da irinsa ya zaga a waya mu muke gani a layin da ke bakin ɗakinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 wajen mutum biliyan 3.1 ne ke fama da ciwon kai iri-iri, kusan kashi 40 na mutanen duniya. In za ku buga irin wancan labarin, ku taimaka ku nemi likitan jijiya ya faɗi alamomin da ita mai labarin take da su bayan ciwon kan, don kusan kullum akwai su, ku kuma sa adadin nan na 1 cikin 1,000 a kusa da kanun labarin ba can ƙasa ba inda ba mai kaiwa.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin hoto